Asirin da ke Cikin Akwatin Zaɓe

A can bayan Badaguishiri, inda garkunan albasa suka cika kwari, akwai wani ƙauye da ake kira Tungar Illo. A nan aka yi wata yarinya mai suna Gimbiya. Ba 'yar sarki ba ce, sunan ne kawai. Mahaifinta Hamani manomin albasa ne.

Shekarunta goma sha biyu, tana shekarar ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko. Duk ajin babu wanda ya kai ta karatun Faransanci. Ita ma ta san haka, wannan ne ɗan aibinta. In wasiƙa ta zo daga 'yan ci-rani, ita ake kira. Sai ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya, ta bar mutane su ɗan jira kafin ta fara.

Lakwal ɗin ɗaki ɗaya ce, yara arba'in da uku, malami ɗaya. Yara suna ce masa Mushe Chindo, wato Malam Chindo a bakin 'yan lakwal. Mutumin Konni ne, ba shi da iyali a ƙauyen. Gida-gida ake kai masa abinci, yau nan, gobe can.

A gida, Gimbiya ta fi shaƙuwa da kakarta Delu. Tsohuwar tana da wata addu'a da ba ta rabuwa da bakinta. Ko hatsi ya yi ƙasa a rumbu, ko baƙo ya sauka babu shiri, ko akuya ta ɓata, abin da za ta ce ɗaya ne: "Allah shi ruhwa muna asiri." Gimbiya ta ji wannan har ta daina lura da shi.

A shekarar nan ne aka ce za a yi zaɓe irin wanda ƙauyen bai saba gani ba. Jam'iyyu da yawa, 'yan takara da yawa, kowa ya ɗauki wanda ransa ya kwanta da shi. Kaka Delu ta karɓi katinta na zaɓe, ta ƙulle shi a bakin zane. Ta ce ko da rarrafe sai ta je ta jefa tata ƙuri'a.

Saura kusan mako biyu a yi zaɓen, wata farar mota ta zo daga Illela. Aka sauke akwatin katako mai kwaɗo da wani baƙin labule, aka ajiye su a cikin aji. Aka manna wata babbar takarda a bangon gidan Maigari. Motar ta juya ta tafi.

Ranar babu karatu. An kira Mushe Chindo Illela, ana koya masa yadda zai kula da zaɓen.

Mutane suka taru gaban takardar. A sama an zana hannu yana saka ambulan a cikin akwati. A ƙasa akwai manyan baƙaƙe. Kowa yana kallo, babu mai karantawa.

Maigari Dogo ya ce, "Ina ɗiyar Hamani? A kira muna ita."

Gimbiya ta zo. Ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran muryar nan da ta saba. Kalmomi huɗu ne kacal. Ta karanta da ƙarfi: "Le vote est secret."

"To, mi tac ce da Hausa?" in ji Maigari.

Gimbiya ta san ma'anar sarai. Takardar tana cewa zaɓe sirri ne, babu mai ganin abin da wani ya jefa. Sai dai kalmomi biyu suka zo mata baki a tare, sirri da asiri. Ta ɗauki wadda ta fi ji a gida.

Ta ce, "Ta ce zaɓe asiri na."

Wata mata ta fizge ɗanta daga jikin bangon.

Ku ma kun sani, asiri iri biyu ne a Hausa. Akwai wanda mutum yake roƙon Allah ya rufa masa. Akwai kuma wanda ake zuwa wurin boka a yi wa mutum. Gimbiya na farkon take nufi. Jama'a kuwa na biyun suka ji.

A cikin taron akwai wani mutum mai suna Na'Allah. Shi kaɗai yake da injin ban-ruwa a ƙauyen. Masu garka layi suke bi, kowa da ranarsa. Shi ne kuma wakilin wani ɗan takara, wani Alhaji na birni da ba wanda ya taɓa ganinsa sai a hoto. Na'Allah ya san mutane da yawa ba su da ra'ayin Alhajin nan. Da ya ji kalmar da ta faɗo daga bakin yarinya, bai bari ta kai ƙasa ba.

Ya matso gaba ya ce, "Kun jiya? Ba ni nic ce ba, takarda tac ce. Dama na so in hwaɗa muku, sai nij ji tsoron ku ce ƙarya ta. Akwatin ga da anka kawo shina gani. Alhajinmu kaɗai ad da makarin abin. Wanda yaj jehwa mai, ya tsira. Wanda yaj jehwa ma wani, asirin shina kama shi. Hannu shi shanye, albasa ta ruɓe cikin ƙasa."

Wani manomi mai suna Amadu ya ce, "To wanda ba shi son Alhajin hwa?"

"Shi zamna gida, shi tsira da hannunai."

Gimbiya ta buɗe baki za ta ce ba haka ba ne. Na'Allah ya juyo ya dube ta.

"Ko ba haka anka rubuta ba, 'yar lakwal?"

Kafin ta amsa, ya mayar da ido kan mahaifinta. "Hamani, gobe kai ad da inji, ko? Na bi ta garkarka jiya. Albasar tana son ruwa."

Hamani ya sunkuyar da kai.

Gimbiya ta dubi mahaifinta. Saura mako uku a cire albasar nan. Ita ce hatsinsu, ita ce suturarsu. In ta rasa ruwa kwana huɗu, shi ke nan. Sai ta gyaɗa kai.

Na'Allah ya ce, "Hwaɗi da baki, su jiya."

"Haka na," in ji Gimbiya.

Kuskuren farko na harshe ne, kowa yana iya yin sa. Wannan na biyun kuwa da saninta ta yi shi.

Magana ta kama hanya. Kafin la'asar, mata a bakin rijiya sun ce akwatin yana da ido a ciki. Washegari ya sami numfashi. Ranar kasuwar Badaguishiri wani ya rantse ya wuce ta bayan lakwal ya ji shi yana tari.

Akwatin nan kuwa a cikin aji yake, kusa da allo. Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya wuni ɗaki ɗaya da shi?

Da Mushe Chindo ya dawo, yara ashirin ya tarar. Kwana biyu bayan haka suka koma bakwai. Jummai, ƙawar Gimbiya wadda suke zama benci ɗaya, ita ma an hana ta zuwa.

Mushe ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi bayani. Ya ce akwatin katako ne kawai, kafinta ya yi shi. Ya ce takardar sirri take nufi.

Mutane suka ce, "Ai dole ka ce haka, kai ad da makulli. Yarinya ba ta san ƙarya ba. Gabanmu tak karanta."

Daga nan aka daina kai masa abinci. Ba wanda ya ce a daina, kowane gida ne dai ya manta da ranarsa. Mushe ya koma jiƙa garin rogo. In ya bi ta hanya, masu gaishe shi sai su tuna suna da wani aiki a wani lungu.

Kaka Delu ma ta kwance katinta daga bakin zane. Ba ta yarda ta taɓa shi da hannu ba. Da kara biyu ta ɗauke shi, ta jefa a wata tsohuwar tukunya a bayan ɗaki, ta kife.

Gimbiya tana ganin duk wannan. Ta daina cin tuwo sosai. In an kawo wasiƙa, sai ta ce kanta yana ciwo. Kunya ta ishe ta, tsoro kuma bai sake ta ba.

Sai Maigari ya sa aka yi shela. Ranar Juma'a bayan la'asar za a taru. Za a yanke shawarar mayar da akwati inda ya fito, a kuma roƙi hukuma ta ɗauke malamin. Kowa ya san abin da zai biyo baya. In Mushe Chindo ya tafi, an rufe lakwal ke nan, don ba a samun wani malami a tsakiyar shekara.

Ranar Alhamis da aka tashi, yara shida suka fita. Gimbiya ta zauna a wurinta.

Mushe yana goge allo. Bai juyo ba.

Ta ce, "Mushe, ni nib ɓata."

"Na sani tun ranad da nid dawo. Jira nika yi ki zo da kanki."

Ya ɗauki alli ya rubuta kalmomi biyu a allo, sirri da asiri. Gimbiya ta dube su, hawaye suka zubo mata.

"Ku buge ni, Mushe."

"Bulala ba ta maido yaro ko guda lakwal." Ya ajiye allin. "Sauya kalma ba laihi na ba. Ni ma ina kuskure. Amma gaya mani. Lokacin da Na'Allah yaj juya maganar, kin san ƙarya shika yi?"

"Na sani."

"Kinka yi shiru?"

"Ban yi shiru ba. Cewa niy yi haka na."

"Dom mi?"

"Albasar Baba."

Mushe ya ce, "Tsoronki ba na banza na ba. Amma dubi ajin ga. Mutum guda ya tsorata ki, ke kuma kin tsorata gari duka. Na yi magana har murya ta dushe, ba su jiya ba. Daga bakinki sunka ɗauke ta, daga bakinki za su yarda a gyara."

"In na hwaɗi, za shi hana muna inji."

"Shina iya hanawa. Ba ni yi miki ƙarya, ba ni kuma tilasta ki. Tahi ki yi shawara da mahaihinki, don garkatai ta."

Gimbiya ba ta bi ta gida ba, garka ta nufa. Hamani yana gyaran fangalin albasa. Kaka Delu tana zaune bakin shinge tana tsinkar yakuwa. Tiyon injin Na'Allah yana shimfiɗe a tsakanin albasa.

Gimbiya ta durƙusa ta faɗi komai, tun daga kalmar da ta sauya har zuwa "haka na".

Hamani ya dafa fartanya. Ya ce, "Na ga huskarki ran nan. Na san akwai magana. Sai nis sadda kai don kar in jiya. Ni ab babba, ni yak kamata in tambaye ki."

Ya dubi tiyo, ya dubi albasa.

"In kin hwaɗi, inji ya tahi."

"Na sani, Baba."

"In ba ki hwaɗi ba, lakwal ta tahi."

Sai Kaka Delu ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kai, Allah shi ruhwa muna asiri!"

Gimbiya ta ɗago kai da sauri. "Kaka, wane asiri?"

"Wane irin wane asiri? Na gida mana. Kar na waje shi ga abin da ke cikin tukunyarmu."

"To shi na! Shi takardar ka nuhi! Kar wani shi ga abin da kinka jehwa!"

Tsohuwar ta saki baki. "Ke, 'yar nan! Shi kenan maganar? Don wannan nis sa katina cikin tukunya da kara biyu?"

Ta miƙe tana kakkaɓe zane, ranta a ɓace. Ta nuna ɗanta da ganyen yakuwa. "Kai kuma, Hamani. Ubanka da guga yas shayar da garkar ga shekara talatin. Igiyar tana nan rataye, ba ta ruɓe ba."

Hamani ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya san wahala tana tafe. Ya ce wa 'yarsa, "Gobe ni ka kai ki gaban Maigari."

Ranar Juma'a bayan la'asar gari ya taru. Maza suna zaune kan tabarmi a ƙofar Maigari, mata suna tsaye daga baya. Mushe Chindo yana gefe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da kowa. Na'Allah ya sha babbar riga, ya zauna kusa da Maigari.

A Tungar Illo yarinya ba ta magana a taron maza. Don haka Hamani ne ya miƙe.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗiyata tana da magana. Ina roƙo a ba ta dama."

Na'Allah ya ce, "Hamani, ka tuna jibi kai ad da inji."

"Na tuna," in ji Hamani. Bai zauna ba.

Maigari ya ce, "Bakinta yak kawo mu nan. A bari mu ji shi."

Gimbiya ta fito. Yau ba ta gyara tsayuwa ba, ba ta yi gyaran murya ba. Muryarta ta fito ƙarama, har wani daga baya ya ce ta ɗaga.

Ta ce, "Na yi kuskure wurin hwassara takarda. Bayan nan kuma na yi ƙarya. Da anka ce akwati shina kama mutane, na san ba haka na ba. Tsoro nij ji, nic ce haka na."

Taro ya ɗauki hayaniya.

Na'Allah ya yi dariya. "Malaminta ya koya mata sabon karatu. Ran nan asiri, yau ba asiri. Wanne za mu kama?"

Wasu suka gyaɗa kai. Gimbiya ta ji kamar ta ruga gida. Ta waiga, ta hango kakarta a cikin mata tana harararta, wai ta ci gaba.

Ta juya wajen Maigari. "Baba Maigari, in yi tambaya?"

"Yi."

"In kun ce Allah shi ruhwa muna asiri, tsahi kuka roƙo?"

"Subhanallahi! Wane irin tsahi?"

"To mi kuka roƙo?"

Maigari ya ce, "Sutura. Abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinai, kar shi hita waje."

"To wannan asirin takarda ka nuhi. Labulen da anka kawo, don shi ruhwa ma kowa asiri na. Ka shiga kai kaɗai, ka sa takardar wanda kaka so cikin ambulan. Mushe bai gani, Baba Na'Allah bai gani, akwati ma bai gani. Sirri yak kamata in ce tun ran nan."

Mutane suna juya maganar a ransu. Addu'ar nan kowa ya yi ta yau, wasu ma sau biyar.

Amadu ya ce, "In haka na, a kawo akwatin mu gani."

Mushe Chindo ya je ya ɗauko shi a ka. Da ya dire shi, na gaba suka ja da baya. Ya sa makulli ya buɗe, ya karkata bakinsa ga jama'a. Babu komai a ciki sai 'yar dusar katako a kusurwa.

Duk da haka ba wanda ya matsa. Sai ga Kaka Delu ta ratsa maza tana cewa a ba ta hanya. Ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin akwati har kafaɗa. Ta laluba ko'ina. Ta zaro hannun, ta ɗaga shi sama, ta ƙirga yatsunta da ƙarfi.

"Biyat," in ji ta. "Yadda nis shigo da su."

Dariya ta ɓarke. Yara suka ruga kowa yana son ya zura nasa hannun. Wanda ya rantse ya ji akwati yana tari ya ce wataƙila akuya ce.

Maigari ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Akwati shina nan, malami shina nan. Mushe, mun ɓata maka, ka yi haƙuri. Ran Litinin kowa shi tura ɗanai lakwal."

Na'Allah bai yi dariya ba. Ya tattara rigarsa ya miƙe. Da ya zo wucewa ta gaban Hamani, ya ce, "Aiko a ɗauke mani tiyona daga garkarka."

Haka kuwa aka yi. Kada ku ɗauka faɗin gaskiya kyauta ne.

Ranar Asabar da sassafe Hamani ya sauko da igiya da guga. Shi yana ja, Gimbiya tana kai ruwa fangali-fangali. Kafin hantsi tafin hannunta ya yi bororo, bayanta ya ƙage. Ta dubi abin da suka shayar, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai kai ba. Ta zauna bakin rijiya ta yi kuka.

Tana cikin kukan sai ta ji sallama. Amadu ne da gugansa a kafaɗa. Bayansa ga Jummai da mahaifiyarta, kowacce da tulu. Can kuma ga wasu mutum uku. Ba su yi dogon bayani ba, suka kama aiki.

Kwana huɗu ana haka. Fangali biyu na can ƙarshen garka sun bushe, ba a cece su ba. Sauran suka rayu.

A kwanakin nan masu garka suka haɗa baki. Suka aika wa Na'Allah cewa in ba a mayar da Hamani layi ba, su ma sun bar inji. Na'Allah ya ga injinsa zai zauna yana tsatsa. A rana ta biyar aka wayi gari tiyo yana shimfiɗe a garkar Hamani. Ba wanda ya ce ya kawo, ba wanda ya tambaya.

A lakwal kuwa, ranar Litinin yara arba'in da uku suka cika aji. Da rana gida uku suka kai wa Mushe abinci a lokaci guda, kowa yana cewa ai yau ranarsa ce.

Mushe Chindo bai goge kalmomin nan biyu daga allo ba. Ya nuna su ya ce, "Ku jiya da kyau. Wanda yat tsorata ku don ku bi shi, ba alherinku shika so ba. In kun yi kuskure, ku gyara shi gaban waɗanda sunka ji shi. In kun san gaskiya kunka ɓoye don tsoro, kun taya mai ƙarya aiki. Gari na kowa na, gyaranai ma na kowa na, har da ku ƙanana."

Jummai ta zunguri Gimbiya. Gimbiya ta sunkuyar da kai, amma wannan karon ba don tsoro ba.

Ranar zaɓe ta zo. Tun da safe layi ya taso daga ƙofar lakwal har gindin itacen bedi, maza a dama, mata a hagu. Mutum ya shiga, ya nuna kati, ya ɗauki takardu da ambulan, ya shige bayan labule. In ya fito ya jefa a akwati, a shafa masa tawada a yatsa.

Kada ku tambaye ni wanda ya ci. Wasu sun zaɓi Alhajin Na'Allah don suna son sa, wasu sun zaɓi waninsa. Abin da na sani shi ne, babu wanda ya zauna gida don tsoro, babu kuma hannun da ya shanye.

Gimbiya ba ta kai shekarun zaɓe ba. Ta tsaya a waje tana jiran kakarta. Tsohuwar ta ciro katinta daga tukunya tun ranar Juma'ar nan, ta kakkaɓe shi, ta mayar bakin zane. Ta daɗe a bayan labule, har na bayanta suka fara ƙorafi. Can ta fito tana kallon yatsanta mai tawada.

Na'Allah yana tsaye kusa da ƙofa. Ya rage murya ya ce, "Inna Delu, ina hwata dai an yi abin da yad dace?"

"An yi," in ji ta. Ta wuce abinta.

Gimbiya ta tare ta, ta riƙe mata hannu. Suka kama hanyar gida. Sai da suka yi nisa, yarinyar ta duba gaba da baya, ta ga babu kowa.

Ta ce, "Kaka, ni dai gaya mani. Wa kinka zaɓa?"

Kaka Delu ta tsaya cak. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke da kinka tara gari kinka yi muna karatu? Wannan asirina na, 'yar nan. Allah ya ruhwa mani shi, ba ke ka buɗe shi ba."

Gimbiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ba ta sake tambaya ba.